Nosferatu uku, dare ɗaya: na 1922, na 1979 ko na 2024?

Sai da fim ɗin Nosferatu na Robert Eggers ya fito ranar 25 ga Disamba 2024 sannan masu son fina-finan ban tsoro da yawa suka gane cewa labarin ya haura shekara ɗari a duniya. Darakta F. W. Murnau ne ya fara yin sa a Jamus a 1922, Werner Herzog ya sake a 1979, Eggers ya zo na uku. Ƙashin bayan labarin bai canza ba. Wani matashi mai aiki a ofishin dillancin gidaje zai bar amaryarsa a wani gari na gaɓar teku a Jamus, ya tafi tsaunukan Transilbaniya domin ya sayar wa wani basarake gida. Basaraken kuwa matacce ne da ke rayuwa da jinin mutane. Zai ga hoton amaryar, ya kwashi akwatunan gawarsa ya hau jirgin ruwa, ya iso garin da ɓeraye da annoba. Matar ce kaɗai ke iya kawo ƙarshensa, kuma da ranta za ta biya.

Tunda labari ɗaya ne, abin da ya raba fina-finan uku shi ne mutanen da suka taka rawa uku: dodon, matar, da mijin. Wanda ke da lokacin kallon ɗaya kawai, a kan waɗannan ya kamata ya yi zaɓi.

Ga ma'aunin da na bi. Na farko, dodon: da me yake ba ka tsoro, kuma shin ana iya hango ɗan wasa a ƙarƙashin kwalliyar, ko kwalliyar ce ke yin aikin duka? Na biyu, matar, domin idan ba ka yarda da ita ba, ƙarshen fim ɗin ya tashi a banza. Na uku, mijin, wanda da idonsa muke fara ganin dodon. Bayan wasa sai abin da ya shafi aljihu da ido: kuɗi da data, sauƙin kallo, ko fim ɗin na jure kallo na biyu, da kuma abin da bai kamata ka buɗe a gaban kowa ba.

Na 1922: Max Schreck, Greta Schröder, Gustav von Wangenheim

Wannan fim da ƙyar ya tsira. An ɗauko labarin daga littafin Dracula na Bram Stoker na 1897 ba tare da izini ba, aka canza sunaye, Dracula ya koma Orlok. Matar marigayin marubucin, Florence Stoker, ta kai ƙara, kotu a Jamus ta ce a lalata kwafe-kwafen a 1925. Wasu sun riga sun bar ƙasar, su muke kallo yau.

Babu magana a cikinsa, sai rubutu da ke fitowa tsakanin hotuna. Saboda haka Schreck, wanda ya fito a matsayin Orlok, ba shi da murya, jikinsa kawai yake da shi. Ɗan wasan daɓe ne da ya goge kafin ya shigo fim, kuma ya san cewa a lokacin da kowa ke wurga hannu yana zare ido domin a fahimce shi, wanda ya tsaya cak shi ido zai bi. Kafaɗu a ɗage har kusa da kunne, hannaye manne da jiki, yatsu dogaye, haƙora biyu a tsakiyar baki irin na ɓera. A cikin jirgin ruwa, mataimakin matuƙi ya sauka ƙasa da gatari yana fasa akwatuna, ɓeraye na ta fitowa, sai murfin wani akwati ya buɗe, Orlok ya miƙe tsaye a sandare, gwiwa ba ta lanƙwashe ba, hannu bai dafa komai ba. Dabarar ɗauka ce, amma fuskar da ba ta motsa ko kaɗan ita ta sa dabarar ta ci. Daga baya za ka ga inuwarsa kaɗai tana hawan bene, inuwar hannunsa ta miƙe ta kama ƙirjin matar.

Shin wannan wasa ne, ko tsayuwa ce mai kyau? Masu sharhi sun daɗe suna wannan gardama. Orlok na Schreck ba ya baƙin ciki, ba ya so, ba ya nadama; yunwa ce kawai ke tafe da ƙafa. Mintocin da ya fito a fim ɗin ma ba su da yawa. A ganina wasa ne cikakke, amma mai fuska ɗaya, kuma fuskar nan ɗaya ta isa duk wanda ya zo bayansa ya yi aro daga gare ta.

Sauran biyun su ne inda mai kallo na yau zai sha wuya. Wangenheim, a matsayin mijin, Hutter, yana dariya da dukkan jikinsa, yana tsalle, ya karanta littafin gargaɗi game da masu shan jini ya yi jifa da shi ƙasa yana ƙyalƙyalawa. Salon zamanin ne, amma yau ya fi kama da barkwanci. Greta Schröder ta fi shi natsuwa, musamman inda take zaune a bakin teku tsakanin kaburbura tana jiran wasiƙa, sai dai rubutun bai ba ta komai ba face suma da zare ido. Akwai kuma wurin da mutanen ƙauye ke tsorata Hutter da wata muguwar dabba da ke yawo a daji, aka nuno ta, ashe kura ce. Bature na 1922 wataƙila ya razana. Bahaushe dai dariya zai yi.

Ta fuskar kuɗi babu mai ja da shi: haƙƙin mallakarsa ya ƙare, yana nan kyauta a YouTube da Internet Archive, kuma ba ya cin data. Matsalar ita ce kwafen sun sha bamban. An ɗauki fitowar dare da rana tsaka, sannan aka rina fim ɗin, shuɗi alamar dare, rawaya alamar rana. Idan ka faɗa kan kwafin da ba a rina ba, za ka ga dodon da rana ke kashewa yana ratsa gari ɗauke da akwatin gawarsa cikin haske tar. Nemi wanda aka gyara, mai launi, mai tsawon kusan awa ɗaya da rabi. Kiɗan ma kowa da wanda ya ɗora masa, wani ya dace, wani kuwa gara ka rage sauti.

Na 1979: Klaus Kinski, Isabelle Adjani, Bruno Ganz

A nan zan daɗe, domin a nan wasan yake.

Herzog ya mayar da sunayen littafin, dodon ya koma Dracula, matar Lucy, mijin Jonathan Harker. Amma siffar ta Schreck ce: kai fes babu gashi, kunnuwa masu tsini, haƙoran ɓera, farce zaƙo-zaƙo. Kwalliyar na ɗaukar kusan awa huɗu kowace rana. Bambancin shi ne an bar fuskar Kinski, wanda ya fito a matsayin Dracula, a fili, fara fat a cikin duhu, kana ganin kowane motsi na leɓe da ido. Kinski mutum ne da aka sani da ihu da hargowa a wurin ɗaukar fim, amma a nan da ƙyar kake jin muryarsa. Yana magana a gajiye, yana nishi tsakanin kalmomi, kamar mai jinyar da ya daɗe a kwance ya gaji da masu zuwa dubiya.

Dubi fitowar cin abincin dare a fadarsa. Jonathan na cin abinci, Dracula na tsaye yana kallon sa, ba ya ci, ba ya ƙiftawa, sai numfashi. Agogo ya buga sha biyu. Jonathan ya yanke yatsa da wuƙar burodi. Kinski bai yi tsalle nan take ba. Ya fara kau da kai, kamar mai jin kunyar abin da ke shirin fita daga gare shi, ya yi ƙoƙarin daurewa, sannan ya kasa, ya cafke hannun ya kai baki. Bayan haka ya ture kujera, ya rinƙa matsowa, Jonathan na ja da baya har ya faɗa kan wata kujerar kusa da murhu. A minti biyun nan ka ga kwaɗayi, ka ga kunya, ka ga fushi. Schreck bai taɓa nuna biyu daga cikinsu a lokaci ɗaya ba.

Dracula na Kinski yana ƙorafin cewa akwai abin da ya fi mutuwa muni, wato mutum ya kasa tsufa ya kasa mutuwa, ya yi ta ganin abu ɗaya ƙarni bayan ƙarni. Da ya shiga ɗakin Lucy, tana gaban madubi, inuwarsa kaɗai ta fito a madubin. Bai yi barazana ba. Roƙo ya yi, ta sammasa kaɗan daga son da take yi wa mijinta. Ta hana, ya juya ya fita da wani ƙaramin gurnani. Akwai masu cewa wannan ya kashe tsoron, wai dodon da ke ba ka tausayi ya daina zama dodo. Ni dai na ga akasin haka, domin mai roƙon nan shi ne ya cika garin da gawa, kuma bai fasa ba.

Adjani, a matsayin Lucy, ta zaɓi ta yi wasa irin na fim marar magana da gangan: farar fuska, baƙin kwalli kewaye da ido, hannu a kan ƙirji, tafiya a hankali. Rabin farko za ka ɗauka ado ce kawai. Amma da annoba ta ci garin, ita kaɗai ta rage da hankalinta. Akwai inda ta ratsa dandalin gari, mutane na jere ɗauke da akwatunan gawa, tana tare su tana cewa ta san sanadin abin, babu mai saurare. Can gaba kuma waɗanda suka fid da rai suna rawa, suna cin liyafar bankwana a tsakiyar ɓeraye. Likitan garin, Van Helsing, ya ce mata zamanin ilimi ake ciki, ta bar zancen camfi. Daga nan idonta ya canza, ta daina neman taimako. Wannan sauyi ne ya sa na yarda da abin da ta yi a ƙarshe.

Bruno Ganz ya fi sauran mazajen biyu samun abin yi, domin Herzog ya ba mijin wata makoma dabam, wadda ba zan ɓata maka ba. Ka dai lura da yadda yake zama a lungun ɗaki bayan ya dawo gida bai gane matarsa ba.

Tsawonsa minti 107. An ɗauki maganganun sau biyu, da Jamusanci da Turanci, da 'yan wasa ɗaya. Na Jamusanci ya fi zama a bakinsu, amma sai ka bi fassarar da ke ƙasan allo. Na Turanci ya fi sauƙi, sai dai wasu kalmomin na fitowa a ɗaure. Fim ne mai tafiyar hawainiya. Za a bar ka da Jonathan yana hawan dutse, gajimare na wucewa, kiɗa na tashi, babu wanda ya ce uffan. Mai jiran a firgita shi kowane minti biyar zai yi barci. Ba kyauta ba ne, haya ko saye ake yi, kuma samunsa ya danganta da ƙasar da kake. Amma yana da haske, babban ɓangarensa a garin Delft na ƙasar Holan aka ɗauka da rana, don haka waya ma ta wadatar.

Babu tsiraici a cikinsa, jini ma kaɗan ne. Abin da zai iya damun yara shi ne buɗewarsa, inda aka nuna busassun gawarwaki na gaske daga Guanajuato a Meziko, da kuma dubban ɓeraye. Akwai wani abu da ya kamata mai zaɓi ya sani: a 2013, shekaru bayan mutuwar Kinski a 1991, 'yarsa Pola ta bayyana a littafinta cewa ya ci zarafinta tun tana ƙarama. Akwai mutanen da tun daga lokacin ba sa kallon fim ɗinsa, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba.

Na 2024: Bill Skarsgård, Lily-Rose Depp, Nicholas Hoult

Eggers ya koma sunayen 1922 da shekarar 1838, amma ya watsar da siffar ɓera. Orlok nasa gawar basarake ce da ta fara ruɓewa, da ƙatuwar rigar gashi, da hula, da gashin baki mai kauri wanda ya jawo surutu sosai. Skarsgård, wanda da yawa suka sani a matsayin dodon fim ɗin It na 2017, ya yi aiki da wata mawaƙiyar opera 'yar ƙasar Aisland domin ya saukar da muryarsa ƙasa. Sakamakon ya fito: murya ce mai kauri, mai jan harafi, kowace jimla sai ya ja iska da ƙyar kafin ya furta. Idan kana da abin sauti mai kyau ko abin kunne, za ka ji ta a ƙirjinka.

Matsalata da shi ita ce ban ga Skarsgård ba. An daɗe ana ɓoye fuskar cikin duhu da dishi-dishi, da aka nuno ta kuma roba da fenti sun rufe komai. Muryar ma salo ɗaya take bi daga farko har ƙarshe, umarni da barazana. Ya fi na Kinski ban tsoro nesa ba kusa ba, amma bai kai shi zurfi ba. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu, ɗaukar hoto, sutura, tsara wuri, da kwalliya, babu ɗaya na wasa, kuma wannan ya yi daidai da inda ƙarfin dodon yake.

Jarumar gaske a nan Lily-Rose Depp ce. An juya labarin ya zama na matar, Ellen: ita ce tun tana yarinya, cikin kaɗaici, ta yi kira cikin dare, abin da ya amsa mata kuwa Orlok ne. Saboda haka ba baƙo ne ya ga hoto ya yi sha'awa ba, tsohon alkawari ne ya zo karɓa. Depp ta yi horo da mai koyar da motsin jiki a salon rawar butoh ta Japan, kuma murɗe-murɗen da take yi da jikinta take yi, ba kwamfuta ba. Akwai fitowar da take faɗa da mijinta, tana zarginsa da sayar da ita saboda kuɗi, magana na tafiya sai murya ta canza, ido ya juye ya koma fari, jiki ya ɗauki karkarwa, ta yage rigarta, sannan nan take ta dawo tana kuka tana roƙonsa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake yi wa mai bugun aljanu ruƙiyya zai gane abin da ake nunawa, zai kuma gane rashin dabarar likitan da ya ɗaure ta a gado ya shaƙa mata maganin barci. Wasu na ganin ta wuce gona da iri. Akwai wuri ɗaya ko biyu da na yarda da su. Amma a cikin matan uku ita kaɗai aka ɗora wa fim ɗin a ka, kuma ta kai shi.

Hoult, a matsayin mijin, ya yi abin da ake bukata: tsoronsa na gaske ne, gumi da rawar leɓe, musamman inda aka sa shi sa hannu a takardar da ba ya iya karanta harshenta. Willem Dafoe, a matsayin farfesan da jami'a ta kora saboda binciken sihiri, shi ke kawo ɗan abin dariya. Shi ne kuma ya taɓa fitowa a matsayin Max Schreck kansa a wani fim na 2000, har ya shiga takarar Oscar da shi.

Tsawonsa minti 132, da Turancin da aka tsufar da gangan, ga lafazin Orlok mai nauyi, don haka ko mai jin Turanci zai so rubutu a ƙasa. Shi ya fi tsada, shi ya fi cin data, kuma ba ya yafe ƙaramin allo. An ɗauki yawancinsa da hasken kyandir da na farin wata. Kwafin da aka matse ya koma ƙarami, irin wanda ake samu wurin masu turi, zai mayar da rabin fim ɗin baƙin allo mai dabbare-dabbare, ka yi ta jin gurnani ba ka ga mai yi ba. Sai talabijin, da daddare, fitila a kashe.

Haɗarinsa kuwa a fili yake. Na manya ne zalla: akwai tsiraici na mace da na namiji, akwai saduwa, akwai jini, akwai kisan yara ƙanana, akwai wanda ya gatse kan tantabara da haƙori. Ba fim ɗin falo ba ne.

| Ma'auni | 1922 | 1979 | 2024 |
|---|---|---|---|
| Dodon | Schreck: jiki da inuwa | Kinski: fuska da gajiya | Skarsgård: murya da kwalliya |
| Matar | Schröder: rawarta kaɗan ce | Adjani: tana girma a hankali | Depp: ita ce fim ɗin |
| Mijin | Wangenheim: salonsa ya tsufa | Ganz: ya fi kowa | Hoult: ya wadatar |
| Tsawo | kusan awa ɗaya da rabi | minti 107 | minti 132 |
| Harshe | babu magana, sai rubutu | Jamusanci ko Turanci | Turanci mai nauyi |
| Kuɗi da data | kyauta, data kaɗan | haya ko saye | mafi tsada |
| A waya | yana yi | yana yi | ba ya yi |
| Kallo na biyu | wasu fitowa kawai | ya fi na farko daɗi | tsoron na raguwa, wasan Depp na nan |
| Gaban iyali | babu matsala | ban da ƙananan yara | a'a |

Idan wasan kwaikwayo ne ya kawo ka, kana son ka ga yadda ɗan wasa ke sa ka ji tausayin abin da ya kamata ka guda, ɗauki na 1979, na Jamusanci in za ka iya bin rubutu. Shi zan ba wanda ya ce ɗaya tak zai kalla, muddin yana da haƙurin fim mai tafiya a hankali, kuma tarihin Kinski bai hana shi ba.

Idan tsoro kake nema, irin wanda zai sa ka duba bayan ƙofa, kuma kana da babban allo da ɗaki kai kaɗai, na 2024 ne naka. Haka ma 'yar wasa ko darakta da ke son ganin yadda ake nuna mace mai fama da abin da ba a gani ba tare da ya koma abin dariya ba: ku kalli Depp, ku tsayar, ku maimaita.

Ɗalibin fim, da mai ɗaukar hoto da ba shi da kuɗin kayan aiki, su fara da na 1922, domin su ga abin da fitila ɗaya da bango da mutum mai iya tsayuwa ke yi. Shi ne kuma zaɓin wanda datarsa ta kusa ƙarewa, da wanda ke son abin da zai kalla da ƙannensa ba tare da yatsa na kan maɓallin tsallakewa ba. Wanda kuma ya ƙudura zai ga duka ukun, ya bi su yadda suka fito, tsoho kafin sabo, domin wanda ya fara jin muryar Skarsgård zai yi wuya ya iya zama gaban dariyar Wangenheim har jirgin ruwan ya taso.